Matsayin Furuci a Shari'o'in Tambarin Kasuwanci: Tarken Wasu Hukunce-hukuncen Kotunan Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Tambarin kasuwanci shi ne suna ko hoto ko wata alama da mai haja yake sanya wa kayansa domin a bambance su daga na sauran 'yan kasuwa. Idan aka yi masa rajista, doka takan ba mai shi ikon hana wani yin amfani da irinsa, ko da mai kama da shi, a kan kaya iri ɗaya. Daga nan ne rigima takan taso, domin kuwa kama iri-iri ce: akwai ta ido, akwai ta kunne, akwai kuma ta ma'ana. Ta ido ba ta cika wahalar da alƙali ba, tun da yana iya ajiye kwalaye biyu a gabansa ya ƙare musu kallo. Ta kunne ita ce mai wuyar sha'ani, saboda sauti yana fita ne daga bakin wani ya shiga kunnen wani, kuma da bakin da kunnen duk suna da harshen da suka tashi a cikinsa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken yadda kotunan Nijeriya suka auna kamancin sauti a wasu fitattun shari'o'i, tare da duba asalin ma'aunin da suka yi amfani da shi. Za a nuna cewa hukunce-hukuncen sun dace da hankali a mafi yawan lokuta, amma ma'aunin da aka gada an yanka shi ne daidai da bakin Baturen Ingila. Za a kawo misalai daga tsarin sautin Hausa, da kaɗan daga na Yarbanci, domin a ga inda ma'aunin yake gazawa.

2.0 Doka da Ma'aunin da Aka Gada

Dokar Tamburan Kasuwanci ta Nijeriya ta 1965, wadda ta fara aiki a 1967, an tsara ta ne bisa dokar Ingila ta 1938. Sashe na 13 na dokar ya hana yi wa tambari rajista idan ya yi daidai da wani wanda aka riga aka yi wa rajista a kan kaya iri ɗaya, ko kuma ya yi kama da shi har ta yadda zai iya yaudara ko ya haddasa ruɗani. Dokar ba ta fayyace yadda za a auna wannan kama ba. Ta bar wa alƙalai, su kuma suka juya ga hukunce-hukuncen Ingila. Uku daga cikinsu su ne ginshiƙai.

Na farko shi ne na shari'ar kamfanin Pianotist ta 1906, inda aka gwada sunayen Pianola da Neola. Mai Shari'a Parker ya ce dole a auna kalmomin biyu ta fuskar yadda ake ganinsu da yadda ake jinsu, a dubi irin kayan da za a sa wa sunan, a kuma dubi irin mutumin da zai saya. Ya yarda a yi wa Neola rajista, domin kayan kiɗan masu tsada ne, kuma mai sayensu ba ya yin ciniki da gaggawa.

Na biyu shi ne na shari'ar sunan Tripcastroid ta 1925, wanda masu man Castrol suka ƙalubalanta. A nan ne Mai Shari'a Sargant ya kafa wata ƙa'ida da ta yi dogon zamani. Ya ce masu magana da Turanci sukan haɗiye ƙarshen kalma, saboda haka gaɓar farko ita ce mafi muhimmanci wajen bambance suna daga suna.

Na uku shi ne na shari'ar Aristoc da Rysta, sunayen safar mata, wanda aka ruwaito a 1945. Majalisar Dattawan Ingila ta amince da ra'ayin Mai Shari'a Luxmoore cewa bai kamata a riƙa gwada sunaye harafi da harafi ko gaɓa da gaɓa kamar yadda malamin koyar da lafazi zai furta su ba. Wajibi ne a yi la'akari da rashin cikakkiyar tunawa, da kuma sakacin furuci na mai saye da na yaron kanti.

Abin lura a nan shi ne, ƙa'ida ta farko da ta uku magana suke yi a kan halin ɗan'adam, don haka suna iya tafiya kowace ƙasa. Ta biyu kuwa magana ce a kan harshe ɗaya tak, kuma wanda ya kafa ta bai ɓoye hakan ba. Bayan haka, al'adar da aka gada ta ɗauka cewa alƙali ne da kansa yake yanke ko akwai yiwuwar ruɗani, da idonsa da kunnensa, ba mai ba da shaida ba. A Landan, kunnen alƙali da na mai saye harshe ɗaya suka sha. A ƙasar da take da harsuna fiye da 500, zancen ya sha bamban.

3.0 Tarken Hukunce-hukuncen

3.1 Castoria da Casorina

A shari'ar Alban Pharmacy da Sterling Products ta 1968, kamfanin Sterling mai tambarin Castoria, maganin sakin ciki na yara, ya ƙi amincewa da sunan Casorina a kan wani magani. Kotun Ƙoli, a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Adetokunbo Ademola, ta yanke cewa sunayen sun yi kama har ta yadda za su ruɗa jama'a, kuma ta jaddada cewa dole a yi la'akari da kunne kamar yadda ake yi da ido. Wannan hukunci shi ne madogara a Nijeriya game da kamancin sauti.

Idan aka sa sunayen a bakin Bahaushe, ga yadda gaɓoɓinsu za su jeru:

(1) kas-to-ri-ya
(2) ka-so-ri-na

Kowanne yana da gaɓa huɗu, kuma jerin wasulansu ɗaya ne: a, o, i, a. Gaɓa ta uku iri ɗaya ce. Baƙaƙen da suka buɗe gaɓa ta biyu, wato /t/ da /s/, dukkansu 'yan hanƙa ne marasa ziza, sai dai ɗaya tsayau ne ɗaya kuma zuzau. Baƙin /s/ ɗin ma yana nan a suna na farko, ya rufe gaɓar farko ne kawai. Ke nan nazarin sauti ya goyi bayan kotu. Akwai dai wani abu guda da zai iya raba su, shi ne karin sauti. Kalmomin da Hausa ta aro daga Turanci sukan sami karin sama a gaɓar da Turanci ya nauyaya, mai bi mata kuma ta sami karin ƙasa, kamar a tebur da mota. Nauyin Castoria yana kan gaɓa ta biyu. Casorina kuwa ƙirƙirarren suna ne, babu wata ƙa'ida da ta tsayar da nauyinsa, kuma idan aka ɗora shi a gaɓa ta uku, karin sunayen biyu zai bambanta. Wannan bambanci bai kai ya rushe hukuncin ba, musamman da yake maganar magani ake yi, amma ya nuna cewa akwai wani ɓangare na sauti da harafin boko ba ya nunawa, wanda kuma kunnen mai harshen kari yake riƙewa.

3.2 Lucozade da Glucos-Aid

A 1985 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci tsakanin kamfanin Beecham, wanda ya mallaki Lucozade a lokacin, da kamfanin Esdee Food Products mai abin sha da ake kira Glucos-Aid. Kotun ta ce sautin sunan na biyu yana iya ruɗa mai saye. Tarihi ma ya nuna kusancin sunayen, domin Glucozade aka fara kiran abin shan lokacin da aka ƙirƙiro shi a Newcastle a 1927, kafin a yar da harafin farko a 1929.

A bakin Bature, bambancin farkon sunayen baƙi ɗaya ne, wato /g/ da ya manne da /l/. Hausa da Yarbanci ba sa yarda da jerin baƙaƙe biyu a farkon gaɓa, sai sun saƙala wasali a tsakani. Saboda haka:

(3) Hausa: lu-ko-zed da gu-lu-ko-sed
(4) Yarbanci: lu-ko-see-di da gu-lu-ko-see-di

Abin da ido yake gani harafi ɗaya, ya zama gaɓa sukutum a harsunan biyu. Haka kuma Hausa tana bambance /s/ da /z/, kamar a sare da zare, alhali Yarbanci ba shi da /z/, yakan mayar da shi /s/. Ke nan sunayen sun fi kusa a kunnen Bayarabe fiye da na Bahaushe. A Yarbanci sunan farko gaba ɗayansa yana kwance a cikin na biyu, a Hausa kuwa akwai bambanci a wuri biyu. Hukuncin yana da madafa, amma ƙarfinsa ba ɗaya ba ne a Ibadan da Kano.

Wani abin sha'awa shi ne, da an bi ƙa'idar Tripcastroid sau da ƙafa, da sakamakon ya canza, tun da a farkon kalma ne sunayen suka rabu, a ƙarshe kuma suka haɗu. Wannan hukunci shaida ne cewa ƙa'idar gaɓar farko ba ta isa ta zama alƙali ita kaɗai ba.

3.3 Sunan da Kasuwa Ta Raɗa

Tun a 1931, a shari'ar United Kingdom Tobacco da Carreras, wata kotu a Legas ta gane wani abu da ya wuce rubutaccen suna. Tabar mai ƙara sunanta Bandmaster, kwalinta yana ɗauke da hoton Bature cikin kayan shugaban 'yan badujala. Ta wanda ake ƙara sunanta Barrister, da hoton Bature cikin rigar lauyoyi. Masu saye sun san ta farko da sunan Yarbanci Oloyinbo, wato mai Bature. Kotu ta ga cewa ta biyun ma za ta iya amsa wannan suna, sai ta goyi bayan mai ƙara. A nan sautin da ya yi aiki bai fito daga kamfani ba, daga kasuwa ya fito.

Wannan hali sananne ne a ƙasar Hausa, inda ake cewa magi mai tauraro, ko farin magi, ko omo mai giwa. Mai saye ya mayar da hoto ko launi ya zama suna, kuma da shi yake ciniki. Idan aka riƙe wannan a zuci, akwai abin dubawa a hukuncin Kotun Ƙoli na 2004 tsakanin Ferodo da Ibeto Industries game da kwalin takalmin birki. Kotun ta ce kalmar Ferodo ita ce jigon tambarin, kuma ba ta yi kama da Union na wanda ake ƙara ba, launukan kwalin kuwa ba su keɓanta da mai ƙara ba. Ta fuskar sauti babu ja, sunayen biyu ba su haɗa hanya ba. Tambayar da masanin harshe zai so a riƙa yi a irin wannan shari'a ita ce: da wane suna bakanike da yaron da ya aika suke neman kayan a bakin shago? Idan da rubutaccen suna ne, shi ke nan. Idan kuwa da launin kwali ne, to akwai suna na uku da ba ya cikin takardar rajista.

4.0 Kunnen Mai Saye

Hausawa sukan ce gani ya kori ji. A cinikin yau da kullum kuwa, ji ne yake riga gani. Mutum yakan ji sunan haja a rediyo ko a bakin maƙwabci, ya aiki yaro kantin magani, yaron ya faɗa wa mai kanti, mai kanti ya miƙo abin da kunnensa ya ji. Sunan ya ratsa baki biyu ko uku kafin ido ya gan shi, kuma kowane baki yana sarrafa shi bisa tsarin sautin harshensa. Abubuwa uku ne suka fi shafar shari'a.

4.1 Narkewar Sautuka

Hausa ba ta da /p/ da /v/ a matsayin ƙwayoyin sauti. Takan mayar da na farko /f/, na biyu kuma /b/. Tana da wasula biyar, gajeru da dogaye, da tagwan wasali /ai/ da /au/, alhali Turancin Ingila yana da wasula kimanin 20 idan aka haɗa da tagwaye. Gajeren /e/ a rufaffiyar gaɓa sau da yawa yakan koma /a/, kamar a lacca da fansho. Wasalin /o/ bayan /k/ yakan koma /wa/, kamar a kwas da kwalta. Baƙin /l/ na ƙarshen kalma yakan koma /r/, kamar a fensir da fetur. Sunayen haja ba su tsira daga waɗannan dokoki ba:

(5) Panadol: fanadol
(6) Lipton: lifton
(7) Vaseline: basilin
(8) Vespa: basfa
(9) Macleans: makilin
(10) Peugeot: fijo
(11) Mercedes: marsandi

Abin da wannan yake haifarwa shi ne, sunayen da suka rabu a rubuce suna iya haɗewa a furuci. A ƙaddara cewa an nemi rajistar wasu ƙirƙirarrun sunayen magani guda biyu, Pavol da Fabol. Jami'in rajista zai ga bambanci a harafi biyu daga cikin biyar, har da na farko, wanda ƙa'idar Tripcastroid ta fifita. A bakin Bahaushe kuwa kalma ɗaya ce, fabol. Haka nan sunayen da suka fara da Pen, Pan, Fen da Fan duk suna iya tarewa a fan. Karin harshe ma yana ƙara nasa, domin a Sakkwato da Katsina /f/ yakan zama /hw/ ko /h/, a ce hwara da hita a maimakon fara da fita.

4.2 Ƙarshen Kalma

Dalilin da ya sa Bature yake haɗiye ƙarshen kalma shi ne tsarin nauyi na harshensa, wanda yake raunana wasalin gaɓar da ba a nauyaya ba. Hausa ba ta da wannan tsari. Galibin kalmominta da wasali suke ƙarewa, kuma wannan wasali yana ɗauke da kaya masu yawa na nahawu:

(12) jaki da jaka, bambancin jinsi
(13) yaro da yara, bambancin adadi
(14) fita da fito, bambancin alkibla
(15) saya, saye, sayo, sayar, bambancin sigar aikatau

Hatta tsawon wasalin ƙarshe yana raba ma'ana, kamar yadda baƙo mai dogon wasali yake nufin wanda ya zo daga wani wuri, Baƙo mai gajeren wasali kuma sunan mutum ne. Wanda ya tashi a cikin irin wannan harshe an horar da kunnensa ya saurari ƙarshen kalma. Saboda haka idan lauya ya tsaya gaban Babbar Kotun Tarayya, wadda tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin shari'o'in tambura, ya kafa hujja da fifikon gaɓar farko, ya kamata a tambaye shi ko wane harshe yake magana a kai. Ƙa'idar gaskiya ce game da Turancin Ingila. Ɗora ta a kan mai saye a kasuwar Kurmi aron riga ne wadda ba a gwada ba.

4.3 Abin da Rubutu Yake Ɓoyewa

Matsala ta uku ta shafi sunayen haja da aka ɗauko daga harsunan gida. Daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Rubutun fara yana iya zama launi, ko ƙwaro, ko somawa. Kuka yana iya zama na hawaye ko na itaciya, gari kuma na zama ko na tuwo. Idan kuma aka rubuta ba tare da ƙugiya ba, kamar yadda ake yawan yi a kwalaye da takardun hukuma, sai ƙara ta zama kara, ɓari ya zama bari, ɗaki ya zama daki. A nan lamarin ya juye: ido yana ganin suna ɗaya, kunnen mai harshen yana jin biyu. Yarbanci mai kari uku da Ibo mai kari biyu suna da irin wannan matsala. Ga wanda ba ya jin harshen kuwa, sunayen ɗaya suke a ido da kunne. Ke nan suna guda yana iya ruɗa wani rukuni na masu saye ya bar wani, kuma sai an san inda ake sayar da hajar kafin a san rukunin da ya fi yawa.

5.0 Darasi daga Indiya da Iyakar Hujjar

Indiya ta gaji dokar Ingila kamar Nijeriya, kuma ita ma ƙasa ce mai harsuna barkatai. A 1962, a shari'ar magungunan Amritdhara da Lakshmandhara, Kotun Ƙolinta ta ce mai saye na ƙauye ba zai tsaya yana feɗe kalma yana neman asalin kowane ɓangare ba, sautin sunan gaba ɗaya yake riƙewa. A 2001 kuma, a shari'ar kamfanonin Cadila biyu game da magungunan zazzaɓin cizon sauro Falcigo da Falcitab, kotun ta fito fili ta ce ba za a kwaso ƙa'idojin Ingila ɗungurungum a ɗora wa Indiya ba, domin masu saye da yawa ba su iya karatu ba ko ba sa jin Turanci, kuma furucin kalma ɗaya yakan bambanta daga yanki zuwa yanki. Ta ƙara da cewa ma'aunin magani ya kamata ya fi na sauran kaya tsanani. Ba ta yanke asalin rigimar ba, ta mayar wa kotun ƙasa tare da waɗannan ƙa'idoji. Wannan ita ce irin fayyacewar da hukuncin Castoria ya buɗe wa ƙofa.

Tsananin da ake nema game da magani yana da dalili. A Amurka an sauya sunan maganin gyambon ciki Losec ya koma Prilosec a 1990 saboda ana rikita shi da Lasix, maganin sa fitsari. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sunayen magunguna masu kama a ido ko a kunne cikin matsalolin da suke barazana ga majinyata. Kuskure a sayen sabulu asarar kuɗi ce, a sayen magani kuwa yana iya zama asarar rai.

Duk da haka, hujjar tana da iyaka, kuma adalci ne a faɗe ta. Idan aka ce duk sunayen da suka haɗe a bakin wani daga cikin harsuna 500 sun yi kama, to da wuya wani sabon suna ya sami rajista, kuma tsofaffin kamfanoni za su mamaye sautukan da kowa yake da haƙƙi a kansu. Kalmar gulukos, alal misali, sunan sinadari ce, bai kamata wani ya mallake ta ba. Kama da wane ba wane ba ce. Kotun Tarayyar Turai ta nuna ɓangarorin biyu: a shari'ar takalman Lloyd da Loint's ta 1999 ta ce kamancin sauti shi kaɗai yana iya haddasa ruɗani, a shari'ar motocin Picasso da Picaro ta 2006 kuma ta amince cewa fitacciyar ma'ana tana iya rinjayar kamancin ido da na kunne. Mafita ita ce komawa ga Mai Shari'a Parker, a tambayi wane ne mai sayen wannan haja, a ina, kuma da wane harshe yake ciniki. Ga hajar da ake sayarwa a faɗin ƙasa, Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Buroka sun isa su zama ma'auni na farko. Ga wadda ta taƙaita a yanki guda, harshen kasuwar yankin ne abin dubawa.

6.0 Rawar da Masana Harshe Za Su Taka

Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar ra'ayin ƙwararre a kan al'amarin kimiyya ko fasaha. Masanin harshe ba zai ce wa kotu mutane za su ruɗe ko ba za su ruɗe ba, wannan hurumin alƙali ne. Abin da zai iya yi shi ne ya bayyana yadda masu wani harshe za su furta sunayen, da sautukan da za su narke, da gaɓoɓin da za su ƙaru, da karin da sunan zai ɗauka. A Amurka wannan aiki ya daɗe da kafuwa, kamar yadda littafin Roger Shuy na 2002 a kan rigingimun harshe a shari'o'in tambura ya nuna. Hukumar abinci da magunguna ta can ma tana amfani da wata manhajar kwamfuta wajen auna kamancin sunayen magunguna a rubuce da a furuci.

Akwai ayyuka uku da suke jiran sassan nazarin harsunan Nijeriya. Na farko, a tattara yadda ake furta sunayen haja a kasuwanni da kantunan magani, tare da sunayen da masu saye suka raɗa musu, domin nazarin kalmomin aro ya fi mayar da hankali ga kalmomin gama-gari. Na biyu, a tsara taƙaitaccen jadawalin sautukan Turanci da suke narkewa a kowane babban harshe, ta yadda ofishin rajistar tambura da hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, za su iya dubawa kafin su amince da sabon suna. Na uku, a gudanar da gwajin saurare, a furta wa masu harshe sunaye biyu a cikin hayaniya irin ta kasuwa, a ƙidaya sau nawa suka rikita su. Irin wannan sakamako ya fi zato ƙarfi, ko da zaton na alƙali ne.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta duba ma'aunin kamancin sauti da kotunan Nijeriya suka gada daga Ingila, ta kuma gwada shi da tsarin sautin Hausa da na Yarbanci. An ga cewa hukuncin Castoria na 1968 da na Lucozade na 1985 suna da goyon bayan nazarin sauti, ko da yake ƙarfin na biyu ya danganta da harshen mai saurare. An ga cewa kotun Legas ta 1931 ta gane muhimmancin sunan da kasuwa ta raɗa. An kuma nuna cewa ƙa'idar fifita gaɓar farko ta Turanci ce, ba ta dace da harshen da yake ɗora jinsi da adadi da alkibla a kan wasalin ƙarshe ba. Tun da doka ta amince cewa kunne abin la'akari ne, abin da ya rage shi ne a tantance kunnen wa ake nufi a kowace shari'a, kuma bayanin da zai taimaka wa kotu ta yi hakan yana hannun masana harsunan ƙasar nan.